Yadda ake shirya zaman bitar bincike a gefen babban taron masana haɗakar kwamfutoci

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Kantin Kwari, aka zare masa kuɗi daga asusu amma alat bai shiga wayar mai kaya ba, ya riga ya ɗanɗani matsalar da masu binciken haɗakar kwamfutoci ke kwana suna tashi da ita. Kwamfutoci ne da yawa, wata a Legas, wata a Abuja, wata a hannun yaron shago, kowacce da agogonta da littafin lissafinta, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya a kan magana guda: an biya ko ba a biya ba. Aikin gayya ne, sai dai 'yan gayyar ba sa ganin juna. Saƙo ne kawai ke yawo a tsakaninsu, shi ma yakan makara, yakan ɓata, wani lokaci ya iso sau biyu.

Masu wannan fanni suna da manyan tarukansu na shekara-shekara. Akwai PODC na ACM, ƙungiyar masana kwamfuta ta duniya, wanda aka fara a 1982 a birnin Ottawa na Kanada, akwai DISC, akwai ICDCS na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki. A gefen irin waɗannan taruka akan ware yini ɗaya ko biyu, kafin a buɗe ko bayan an rufe, don ƙananan zaman bita, inda mutum ashirin ko arba'in za su shiga ɗaki su tasa matsala ɗaya a gaba. Kada ƙanƙantar abin ta sa ka raina shi. DISC ɗin kansa da bita ya fara a 1985, a Ottawa shi ma, da sunan WDAG, sai a 1998 ya karɓi sunan da aka san shi da shi yau.

Wannan bayani na wanda yake zaune a Kano ne, malamin jami'a ko ɗalibin digiri na uku ko injiniyan kamfani, da yake son shirya irin wannan zama, ko a taron ƙasa da ya zo garinmu ko a na ƙetare. Na sa hannu a irin wannan shiri, na ga wanda ya yi armashi, na ga wanda aka tashi an yi ba a yi ba. Abin da ya raba su kusan kullum ɗaya ne. A babban taro aikin da ya nuna ake kawowa a baje. A bita ɗanye ake kawowa a taru a dafa, kuma girki yana son lokaci. Duk matakan da ke ƙasa, idan ka duba, ƙoƙari ne na samar wa girkin nan lokaci da kare shi daga masu cinye shi.

Mataki na farko: samo tambayar

Kafin ka rubuta wa kowa imel, ɗauki biro ka rubuta tambayar da zaman zai tsaya a kai, cikin jimla ɗaya, da alamar tambaya a ƙarshenta. Idan abin da ya fito irin "Sabbin ci gaba a fasahar zamani don bunƙasa ƙasa" ne, yaga takardar. Wannan taken allon talla ne. Mai maganar noma zai fake a ƙarƙashinsa, mai maganar kirifto ma haka, a yi taron tsintsiya ba shara.

Ga irin wadda nake nufi: me ya kamata na'urar biyan kuɗi ta yi idan ta yanke da uwar garkenta, wato babbar kwamfutar da ke riƙe lissafi, na tsawon awa uku, ta ƙi karɓar ciniki, ko ta karɓa a daidaita lissafi daga baya? Tambayar tana da saiwa a fannin. A taron PODC na 2000 Eric Brewer ya yi jawabin da ya haifar da abin da ake kira ƙa'idar CAP, sannan Seth Gilbert da Nancy Lynch suka kafa mata hujjar lissafi a 2002. Abin da take cewa a taƙaice: idan hanyar sadarwa ta tsinke tsakanin kwamfutoci, dole ka zaɓa, ko kowa ya samu amsa nan take, ko kuma duk amsar da aka bayar ta dace da ta sauran. Ba a tauna taura biyu lokaci guda.

A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na Turai da Amurka hanya takan tsinke, amma jefi-jefi. Mu nan abincin yau da gobe ne. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta cije a Najeriya. Kafin nan, farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, kowa ya ga yadda tura kuɗi ta waya ya koma caca. Wannan shi ne jarin mai bincike daga Kano, kuma da shi zai shiga kasuwar manya ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Haka tambayar asibitin karkara: nas ta shigar da bayanin majiyyaci a kwamfutar hannu babu sabis, likita a birni ya gyara bayanin majiyyacin a ranar, da sabis ya dawo na wa za a ɗauka? Tsarin bayanai da ake kira CRDT, mai haɗa gyare-gyaren da aka yi a wurare daban-daban su zama ɗaya, wanda Marc Shapiro da abokan aikinsa suka fayyace a 2011, don irin wannan aka yi shi, amma ko ya ishi takardar magani, inda kuskure ke iya cin rai? To, ka ga abin zama a kai.

Gwada tambayarka kamar haka. Jera sunayen mutum goma da ke aiki a kanta, ka tabbata aƙalla biyu daga ciki ba su yarda da juna ba. Idan ka kasa cika goma, damuwarka ce kai kaɗai, rubuta maƙala kawai. Idan kuma duk goman bakinsu ɗaya, shan shayi za a yi.

Mataki na biyu: zaɓi inuwar da za ka raɓa

Kowane babban taro yana da shugaban sashen bita, kuma yakan fitar da sanarwar neman masu shiryawa watanni kafin taron. PODC yakan faɗo a tsakiyar shekara, DISC wajen Oktoba. A gida akwai taron shekara na ƙungiyar masana kwamfuta ta Najeriya, NCS, akwai kuma na WACREN, ƙungiyar hanyoyin sadarwa na bincike da ilimi ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Duba waɗanda ke halartar taron, ba girman sunansa ba. Tambayar da ke buƙatar masu hujjar lissafi gidanta daban da wadda ke buƙatar injiniyoyin da ke kwana da na'ura.

Rubuta wa shugaban sashen gajeren saƙo tun kafin ka cika komai, ka tambaye shi: rabin yini za a ba ku ko cikakke, ɗaki mai ɗaukar mutum nawa, wa ke karɓar kuɗin rajista, shayi da abincin rana a wuyan wa suke, za a yafe wa baƙon da kuka gayyato rajista, akwai halarta ta bidiyo. Ajiye amsar a rubuce. Alkawarin baki a waya, ranar taro ba ya da shaida.

Mataki na uku: abokan tafiya

Mutum uku ko huɗu sun isa. Ɗaya ya riƙe maƙalu da tantancewa, ɗaya kuɗi da baƙi, ɗaya ɗaki da kayan aiki, ɗaya sanarwa da shafin intanet. Kada duk ku fito daga sashe ɗaya na jami'a ɗaya. Samo wani daga Zariya ko Ibadan ko Accra, kuma idan taron na ƙetare ne, lallai ka samo wanda 'yan wannan taro suka san fuskarsa, domin masu duba takardarku mutane ne, suna son ganin sunan da suka taɓa ganin aikinsa. Ka kuma duba jerin kafin ka tura: idan babu mace ko ɗaya a masu shiryawa da masu jawabi, ba ka nema ba ne, suna nan.

Sai maganar manya, wadda a nan Kano ba a tsallake ta. Akwai farfesan da ya koyar da kai, ba za ka yi taro bai sani ba, amma idan ka ɗora masa shugabancin shiri, kowace takarda sai ta kwana mako biyu a teburinsa, ba don mugunta ba, don kwamitoci goma ne a kansa. Ni abin da na yi, na same shi a ofis bayan Azahar na ce, "Ranka ya daɗe, so muke sunanka ya shiga masu ba da shawara, zirga-zirgar mu yara za mu ɗauka." Ya cire tabarau ya yi dariya ya ce, "Dakta, ai ka sauƙaƙa mini. Ku turo in gani, amma kada ku jira ni." Shi ya samu girmansa, mu muka samu sararin aiki, kuma wasiƙa ɗaya da ya sa wa hannu ta buɗe mana ƙofar da mun yi wata muna ƙwanƙwasawa.

Mataki na huɗu: takardar neman izini

Shafi biyu ko uku. A ciki: take, tambayar da dalilin da ya sa yanzu ne lokacinta, bambancinta da abin da babban taron zai tattauna, tsarin yinin, sunayen masu shiryawa da layi biyu a kan aikin kowa, mutum nawa kuke sa ran gani, da sunayen waɗanda za ku gayyata. A nan ake yawan yin ƙarya mai tsada. Kada ka sa sunan wani babban masani kana fatan zai amsa daga baya. Duniyar wannan fanni ƙarama ce, mai karanta takardarka wataƙila jiya suka ci abinci tare. Raba jerin biyu: waɗanda suka amsa, da waɗanda aka tuntuɓa ana jira. Haka yawan mahalarta: idan talatin kake tsammani, ce talatin.

Mataki na biyar: maƙala ko magana?

Wannan wuri yana son a tsaya, domin buƙatu biyu ne ke karo. Malamin jami'a a Najeriya yana son abin da zai sa a fayil ɗin ƙarin girma, kuma masu ba da tallafin halartar taro, irin su TETFund ga ma'aikatan manyan makarantun gwamnati, takardar shaidar karɓar maƙala suke son gani. A ɗaya gefen, mai bincike mai aiki mai kyau yana tsoron ya buga shi a kundin bita, wato tarin maƙalun da aka gabatar a zaman, daga baya babban taro ya ce ai an riga an buga, ba zai karɓa ba. Idan ka dage kan cikakkiyar maƙala mai shafi goma sha biyu da za a buga, za ka samu tarin tsofaffin ayyukan da aka ƙi a wasu wurare, masu sabon tunani kuma su riƙe abinsu.

Mafitar da na ga tana aiki: nemi gajeriyar takarda, shafi biyu zuwa huɗu, ka ce a fili ana maraba da aikin da bai kammala ba, da gwajin da ya ƙi yi, da ra'ayin da zai jawo musu. PODC da DISC su kansu suna karɓar irin waɗannan gajerun sanarwa a cikin babban zamansu, don haka ba baƙon abu ba ne. Sannan ka bar wa marubuci zaɓi, wanda yake so a buga tasa a buga, wanda ba ya so a bar masa ita a matsayin jawabi kawai, amma kowa ya samu wasiƙar karɓa. Wurin bugawa ba sai kun kashe kuɗi ba: shafin intanet na CEUR-WS yana ɗaukar kundin bita kyauta idan an cika sharuɗɗansa, rumbun Zenodo na cibiyar bincike ta CERN yana ba kowace takarda lambar DOI, wato lambar dindindin da ake nemo ta da ita a intanet, marubuci kuma yana iya ɗora tasa a rumbun maƙalu na arXiv, a rukunin cs.DC na wannan fanni. Karanta sharuɗɗan wurin da kuka zaɓa tun kafin sanarwa ta fita, ba bayan an gama taro ba.

Mataki na shida: lissafin kwanaki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa yatsa a ranar bitar ka riƙa ƙirgawa baya. Sanarwar neman takardu ta fita kamar wata biyar kafin ranar. A rufe karɓa saura wata uku da rabi. Masu tantancewa su samu mako uku. Sakamako ya fita saura aƙalla wata biyu da rabi, kuma idan akwai masu neman biza, ƙara matso da komai gaba. Dokar bizar ƙasashen Shengen na Turai ta yarda a nema tun saura wata shida, amma samun ranar ganawa shi ne aikin, kuma ba wanda zai fara nema sai da wasiƙar gayyata a hannu. Shirya samfurin wasiƙar tun yanzu, ranar da sakamako ya fita a cika suna kawai a tura.

Wani abu da ke rikita sababbin shiga: wa'adin irin waɗannan taruka da agogon AoE ake rubuta shi, wato muddin ranar ba ta ƙare a ko'ina a duniya ba, ƙofa a buɗe take. Agogon yana bayan na Kano da awa 13. Idan an ce ƙarfe 11:59 na daren Litinin AoE, a nan ƙarfe 12:59 na ranar Talata ke nan. Rubuta duka biyun a sanarwarku. Na taɓa ganin ɗalibi ya haƙura da turawa tsakar dare yana ganin ya makara, alhali yana da sauran rabin yini.

Idan a Kano za a yi, ɗora kalandar Musulunci a kan ta bature ka duba. Azumi ba lokacin zaman yini guda ba ne. Makon Sallah gari na hawa ne, hanyoyin cikin birni a cushe. Juma'a rabin yini ce ko ka so ko ka ƙi. Hazon Disamba da Janairu yakan hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, don haka baƙon da zai yi jawabin safe ya kwana a gari. Zafin Afrilu kuwa, idan ɗakin ba na'urar sanyaya mai aiki, bayan ƙarfe biyu gyangyaɗi za a yi. Sai makon jarrabawa, wanda ke ɗauke maka ɗalibai da malamai gaba ɗaya.

Mataki na bakwai: tantancewa

Buɗe shafin karɓar takardu a EasyChair ko HotCRP, kada ka ce a turo ta imel ko WhatsApp, za su ɓace maka. Kowace takarda mutum uku su karanta. Ba wanda zai duba ta ɗalibinsa, ko ta abokin rubutunsa, ko ta ɗan sashensu, kuma ku masu shiryawa ya fi muku kyau ku ajiye naku a gefe. Faɗa wa masu tantancewa abin da kuke aunawa: shin takardar ta taɓa tambayarmu, shin za ta tayar da magana. Takarda mai tsafta da ba ta shafi tambayar ba, a ba ta haƙuri. Za a kira ka a waya, za a ce ɗan wane ne. Amsar da ke fitar da kai ita ce gaskiya: ba kai kaɗai ke yankewa ba, kuma ga sharhin mutum uku a rubuce.

Mataki na takwas: kuɗi

Abin da ke cin kuɗi sananne ne: tikiti da masaukin baƙo, shayi da abinci idan babban taron bai ɗauka ba, man inji, data, da tallafin ɗalibai. Jaka mai tambari, da kambun girmamawa, da ƙaton allon hoton manyan baƙi, duk soke su. Idan za ka je wurin kamfani ko gidauniya, kada ka ce a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Ce musu kuɗin mota da kwana biyu na ɗalibai biyar daga Wudil da Dutse da Katsina, ga jimla. Mutane sun fi sakin hannu idan suna ganin abin da kuɗinsu zai saya. Ƙara kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari a kasafin don tashin farashi, kada kuɗin ya bi ta asusunka na kanka, kuma kowace naira da rasit.

Mataki na tara: tsara yinin

A nan ake cin riba ko a yi asara. Ga tsarin da nake bi idan cikakken yini ne a Kano. Ƙarfe 9:00 buɗewa, minti goma, ɗaya daga masu shiryawa ya karanta tambayar ya rubuta ta a allo, ta zauna a nan har yamma. Ƙarfe 9:10 baƙo mai jawabi, minti arba'in, tambayoyi ashirin. Ƙarfe 10:10 gajerun jawabai huɗu, kowanne minti goma da biyar na tambaya. Ƙarfe 11:10 shayi, cikakken rabin awa. Ƙarfe 11:40 zuwa 1:00 a kasu rukuni-rukuni, mutum shida zuwa takwas, kowane rukuni da reshe ɗaya na tambayar da mai rubuta abin da aka ce. Daga 1:00 zuwa 2:30 abinci da Azahar. Ƙarfe 2:30 wasu jawabai huɗu, 3:30 kowane rukuni ya faɗi inda ya tsaya, 4:00 La'asar. Mai jawabi ta bidiyo daga yammacin Amurka a sa shi 4:30, lokacin nan ne safiyarsa, domin Kalifoniya tana bayanmu da awa takwas a bazararsu, tara a hunturu. Ƙarfe 5:00 zaman ƙarshe: wa zai yi me, zuwa yaushe.

Babban maƙiyin wannan tsari shi ne bikin buɗewa. Wata shekara muka yi kuskuren gayyato wani babban jami'i ya buɗe mana. Tun tara muna zaune, mai gabatarwa yana ta "yana hanya, yana hanya". Sha ɗaya da kwata ya shigo da tawagarsa, aka tashi aka sake jera kujerun gaba, aka gaida kowa da muƙaminsa ɗaya bayan ɗaya, aka yi hoto a bakin ƙofa. Da aka dawo, wani abu dole ya tafi, kuma ba wanda zai yarda a yanke masa jawabinsa, sai aka soke zaman rukuni. Abin da muka yi wata shida muna shiryawa dominsa ke nan. Tun daga ranar, duk mai son girmamawa ina tura shi bikin buɗe babban taron, can ne muhallinsa. Kuma idan lokaci ya ƙure, jawabai nake ragewa, ba na taɓa shayi ko rukuni.

Naɗa mai kula da lokaci wanda ba ya jin nauyin kowa, ka ba shi kati uku: saura biyar, saura ɗaya, lokaci ya cika. Sanar da dokar tun da safe a gaban kowa, don kada wani babba ya ɗauka da shi ake. Bayan kowane jawabi, tambayoyi biyu na farko na ɗalibai ne. Idan ba ka yi haka ba, farfesa zai miƙe ya ce tsokaci kawai zai yi, ya yi lacca ta biyu, yaran kuma tarbiyya ba za ta bar su su ɗaga hannu bayansa ba. A cibiyar Dagstuhl ta Jamus, inda masana kwamfuta ke killace kansu kwanaki suna tattaunawa, wurin zama a teburin abinci ma cakuɗa shi ake yi, don kada kowa ya manne wa wanda ya sani. Aro wannan. Rubuta lambar rukuni a katin sunan kowa, ka raba 'yan jami'a ɗaya, ka haɗa mai hujjar lissafi da injiniyan banki a tebur guda. Minti goma na farko za su yi ta kallon juna, daga nan sai ka ji murya ta fara tashi.

Mataki na goma: ɗaki, wuta da sabis

Ko a Jami'ar Bayero aka ba ku ɗaki, ko a Gidan Mambayya da ke Gwammaja, ko a otal, je ka gan shi da idonka saura mako guda, ka sake komawa jajibirin ranar. Roƙi ɗaki mai kujerun da ake ja, ba zauren lacca mai kujeru a kafe ba, inda kowa ke kallon ƙeyar na gabansa. A samu farin allo da alƙaluma sababbi, domin masu wannan fanni ba sa iya musu sai sun zana da'irori da kibiyoyi.

Tsaya a ɗakin ka sa a kashe wuta a tayar da inji, ka ƙirga daƙiƙun. Majigi idan ya mutu yana ɗaukar lokaci kafin ya dawo, na'urar intanet ma haka, mai jawabi ta bidiyo kuma ya riga ya faɗi daga layi. Ɗora majigin da na'urar intanet a kan batir ko inbata. Riƙe layukan waya biyu na kamfanoni daban-daban da data a ciki. Duk mai jawabi daga nesa ya turo jawabinsa a naɗe saura kwana uku, a kunna daga kwamfutar ɗakin, shi kuma ya shigo kai tsaye don tambayoyi kawai. Abin dariya ne a tara masana tsinkewar hanya, hanya ta tsinke musu ba su da shiri.

Dukkan jawabai a tara su a kwamfuta ɗaya tun daren jajibiri, ban da cusa filashin kowa da safe. Leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ka sayo mahaɗin HDMI da na USB-C, da doguwar wayar soket biyu, da batiran makirfo, ka zuba su a jaka ɗaya da ba ta barin kafaɗarka. Nemi lambar mai kula da inji da ta mai riƙe makullin ɗakin, ka gaisa da su da mutunci, ka sa su a lissafin abincin rana. A tanadi wurin alwala da na salla, na maza da na mata, kusa da ɗakin, in ba haka ba hutun minti ashirin zai koma awa.

Mataki na ƙarshe: mako guda bayan an watse

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Kafin a goge allo, ɗauki hotonsa, ka karɓi takardun masu rubutun rukuni a hannu kafin su fita ƙofa, domin "zan turo maka" ba ta isowa. Cikin kwana bakwai ku fitar da rahoto mai shafi biyu ko uku: tambayar, inda aka yarda, inda aka rabu, da jerin matsalolin da suka rage, kowacce da sunan wanda ya ce zai bi ta. Tura wa mahalarta su gyara abin da aka jingina musu, sannan a ɗora a Zenodo. Takardar shaidar halarta a tura ta imel, ba sai an buga ba. Shugaban sashen bita ya samu adadin waɗanda suka zo da abin da ya ba da wahala, masu tallafi su samu rasit da hoton ɗaliban da suka ɗauki nauyi, masu tantancewa su samu godiya da sunansu. Biya mai abinci da mai inji a ranar, kada ka bar su suna bin ka ofis. Sannan ka buɗe kalanda, ka sa alama a wata uku masu zuwa, ranar da za ka bi jerin nan suna bayan suna ka tambayi kowa ina aka kwana.